Rasuwar 'Yar Goyo, Jakar Jibo Maharbi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗun da suka rasa abin ɗauka, Jibo maharbi na Ɗantutture yake sanar da 'yan'uwansa maharba na ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, da dukawa, da duk wanda ya taɓa cin naman da ya kawo daga daji, rasuwar jakarsa ta farauta, wadda aka fi sani da 'Yar Goyo. Ta rasu a dajin Rugu cikin watan jiya, bayan shekara goma sha uku a bayansa. Malam Abdulƙadir na makarantar elementare ne ya rubuta da yawunsa, don Jibo bai yi boko ba. An gaggauta sanarwar ne saboda ran Alhamis maharba za su fita babbar farautar rani, kuma kowa yana tambaya ko Jibo zai bi su. Shekara talatin bai taɓa fashi ba. Da farauta yake ci, da ita aka san shi.

An haifi marigayiyar a rumfar Ya'u baduku a kasuwar Kurfi, cikin shekarar 1951. A lokacin maharba sun kasu biyu. Wasu suna son jan burgami mai tuntaye, wanda ake ratayawa a kafaɗa ɗaya. Wasu kuma suna neman jakar kaki irin wadda sojoji suka dawo da ita daga yaƙin Bama. Jibo ya duba duka biyun bai saya ba. Burgami yana lilo idan mutum ya sunkuya, kaki kuma yana shan ruwa, ƙaya tana yaga shi. Sai ya sa Ya'u ya ɗinka masa ta fatar bunsuru, ba rini, ba ado, da maratayi biyu masu faɗin yatsa uku, yadda za ta kwanta a tsakiyar baya. Ranar da ya je karɓa ya cika ta da duwatsu, ya goya, ya kewaye kasuwa sau uku, ya durƙusa, ya yi rarrafe a gaban masu tallar nono. Suka yi ta dariya suna cewa Jibo ya haihu. Daga nan ta sami suna.

Marigayiyar mai tsari ce. Garin gero da ƙuliƙuli a ƙasa, jingine da ƙashin baya, don nauyi ya zauna inda ƙarfi yake. Goran ruwa a tsakiya, naɗe da tsumma. Ƙahon albarushi a sama, nesa da ruwan. Ƙyastu da maganin maciji a ƙaramin aljihu na dama, inda hannu yake kaiwa ba sai an sauke ta ba. Ta ɗauki cinyar gwanki tafiyar kwana biyu ba ta koka ba. Ta yi masa matashi a kan fa, ta tare masa ƙahon naman daji sau ɗaya, tabon yana nan a gefenta har ta bar duniya.

Amma babban halinta shi ne shiru. Jakar maharbi idan tana magana, mai ita zai kwana da yunwa. 'Yar Goyo kuwa sai Jibo ya yi sanɗa har ya ji numfashin barewa, ba ta ce uffan ba. Abin da kawai aka san ta da faɗa shi ne “tim”, sa'ad da ya sauke ta a ƙofar ɗakin matarsa Sauda. Jibo ba mutum ne mai alfahari ba, sai a kan wannan jaka. A kowane zaure yakan ce, “Tawa ba ta ci, ba ta sha, ba ta neman mai. Ku da kuke ta shafe-shafe, zaɓe ne ba ku iya ba.” Sauda ta ji wannan magana ba iyaka, ba ta taɓa tanka masa ba.

Ciwon ajalin ya soma ne a hankali, bayan daminar 1962, daminar da zazzaɓi ya ɗauke Sauda. Jibo ya yi zaman makoki kamar yadda ake yi, ya karɓi gaisuwa, bai zubar da hawaye a gaban kowa ba, mutane suka yaba haƙurinsa. Da kaka ta wuce ya goya jakarsa ya koma daji. Da farko launinta ne ya kwanta. Sai ta fara tauri. Sai wata rana yana sanɗar mariri, ya ɗaga bindiga, ta ce “ƙiiƙ”. Mariri ya ɗaga kai, ya tafi. Daga baya maganar ta yawaita, kowane taku “ƙaƙas, ƙaƙas”, har sauran maharba suka riƙa roƙonsa ya bi ta wani gefen. Shi kuwa ya ce tsufa ne, kowa yana yi.

Ranar da abin ya faru yana can cikin Rugu shi kaɗai, ya yi nisa da jama'a, ya sami gada bayan kwana huɗu ba harbi. Yana gangarowa daga wani dutse da naman a bayansa, rana tsaka, maratayin hagu ya ce “ɗas”. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Ta juya, gindinta ya tsage, goran ruwa ya faɗi a kan fa ya fashe, ruwan ya bi ta kan albarushi. Tsakaninsa da rafi mafi kusa yini ne da rabi. Hannu biyu gare shi, ɗaya na bindiga. Ya bar wa kuraye naman, ya rungumo jakar. Da ya iso sansanin maharba leɓɓansa sun tsage, ba ya iya amsa sallama.

Bayan ya murmure ya kai ta wurin Ya'u, wanda yanzu idonsa ya yi rauni, da yatsu yake dubawa. Ya'u ya shafa ta ciki da waje, ya daɗe.

Ya ce, “Jibo, wa ke shafa mata mai a da?”

“Ba kowa. Kai ma ka sani.”

“Abin da na sani, fata ba ta shekara goma ba mai. Miƙo yatsanka. Ka ji ɗinkin nan? Ba nawa ba ne. Ni da basilla nike aiki, wannan allurar mata ce. Ga wani a nan. Ga wani. Maratayin dama ma ba wanda na sa ba ne.”

Jibo ya ce ko za ta gyaru. Ya'u ya ce fatar ta mutu tun bara, duk inda allura ta shiga sai ta ƙara yagewa.

Daga kasuwa bai koma gida ba, ya wuce Kutawa wurin Larai, ƙanwar Sauda. Larai ba ta yi mamaki ba. Ta ce duk dawowar da ya yi daga daji, da zarar ya fita kai nama kasuwa, Sauda takan sauke jakar, ta kakkaɓe ta, ta ɗebi man shanun da uwarsu take aiko mata don gashinta, ta bi kowane lungu da shi, ta shanya a inuwa, ta mayar kan turken da ake rataye ta kafin la'asar.

Jibo ya ce, “Don mi ba ta faɗa mini ba?”

Larai ta ce, “Na ce mata ta faɗa. Ta ce a bar Yaya Jibo, yana jin daɗin maganar.”

Ya zauna a zaurensu har inuwa ta juya. An kawo fura bai sha ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar bindigar toka guda, mai tari amma da sauran ƙarfi, da ƙahon albarushi, da wuƙa, da ƙyastu, da kare ɗaya wanda har yanzu yake shinshinar bango, da turken da ake rataye ta a ɗakin da ba mai kwana cikinsa. Ya'u ya aiko da sabuwa, daidai awon ta farko, ba ya son komai. Jibo ya gode, ya riƙe ta kwana ɗaya, ya mayar. Ya ce zaɓen jaka ya iya, sauran ne bai taɓa koya ba, kuma wadda za ta koya masa ba ta nan.

Za a yi jana'iza ran Laraba da hantsi a gidan Jibo. An tambayi liman game da salla, ya ce bunsurun da aka yi ta da fatarsa ya riga ya sami bisimillarsa tun ranar yanka, a bar shi haka. Za a naɗe ta da tsohon zane, a binne ta a bayan ɗakin Sauda, a inuwar da Larai ta nuna, inda Sauda take shanya ta. Jibo da kansa zai haƙa ramin. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo jaka, kada kuma su ba shi haƙuri a kan jaka. Wanda zai yi addu'a ya yi wa Sauda. Bindiga da ƙaho za a miƙa su ga Sarkin Baka, shugaban maharba, ya ba wanda ya ga dama.

Roƙo na ƙarshe ga maharba: ran Alhamis idan za ku fita, masu ganga su bi ta hanyar rijiya. Kada a bi ta ƙofar gidansa.