Farfesa Fiffike Ya Raba Dangi

Allah ya yi mana baiwa da Farfesa Fiffike! Babu jami'ar da ta ba shi farfesancin, shi ya duba cancantarsa ya ga ta isa, ya ba kansa. Fanninsa kuwa ƙananan tsuntsayen nan ne masu cafke ƙuda a iska. Ya san kakan kowannensu. Da safe zai ɗauke tsuntsu daga wannan dangi ya kai shi wancan, da la'asar ya dawo da shi, tsuntsun bai ma san an yi ba. 'Ya'yan ƙanwarsa ne dai har yau yake ruɗa sunayensu, amma ai manya ba sa kula da ƙananan abubuwa.

Abu ɗaya ke hana shi sakat: kujerar shugaban Ƙungiyar Masu Nazarin Tsuntsaye. Dokta Sanƙo ke kanta, kuma zaɓe ya ƙarato. Sai ga tarkon Farfesa ya kama tsuntsaye biyu a bayan ofis. Ɗaya shuɗi mai sheƙi, da doguwar jela. Ɗayan toka-toka, kamar tsumman goge tebur. Abin nema ya samu!

Ya sa su a keji ɗaya, ya gitta allo a tsakaninsu. Ya auna baki, ya ƙirga gashin jela, ya kafa tabarau, ya yanke hukunci: dangi biyu ne sababbi fil, ko a kakan kaka ba su haɗu ba. Shuɗin ya raɗa masa Fiffike. Mai tokar kuwa, saboda tsabar karamci, ya sa masa Sanƙo.

Ranar zaɓe zauren ƙungiya ya cika maƙil. Farfesa ya hau mumbari da rigar da ta sha guga har tana iya tsayuwa ita kaɗai.

"Jama'a, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi," in ji shi. "Ku dubi Fiffike, ɗan asali, jinin girma, ƙudan ma sai mai ƙiba yake ci. Ku dubi Sanƙo, Allah sarki, ba launi ba murya. Ilimi ne ya raba su, ba ni ba. Yanzu zan zare allon nan, za ku ga ko kallon juna ba za su yi ba."

Ya zare allon da yatsu biyu, ya ja da baya yana jiran tafi.

Wayyo! Fiffike ya buɗe jela, ya karkata kai, ya shiga rawa a kan sanda. Wani ƙuda mai ƙarar kwana ya shigo kejin. Caraf, Fiffike ya cafke shi, ya yi tsalle ya sa wa Sanƙo a baki. Sanƙo ta karɓa, don ashe mace ce, ta kwantar da fikafikai tana karkarwa. Abin da ya biyo baya ba zan faɗa ba, akwai dattawa a wajen. Ashe miji da mata ne bawan Allah ya raba su da allo.

Zaure ya kece da dariya. Magatakarda ya faɗo daga kujera, wata malama tana share hawaye da gefen mayafi.

"Wannan... wannan zumuncin maƙwabtaka ne!" in ji Farfesa, gumi na bin kwalar rigar. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka. Aka kaɗa ƙuri'a, ya tashi da guda ɗaya, tasa.

Dokta Sanƙo ya sauko daga kujerarsa, ya kama hannun Farfesa da hannu biyu, ya russuna.

"Allah ya sanya alheri, surukina," ya ce. "In an ƙyanƙyashe, a wane dangin za ka sa mana jikokin?"