Ranar da Na Juya wa Surukina Baya

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na auna tsamiyar garin Kalgo. A lokacin ina sabon malamin lissafi, an turo ni daga Gwandu, ga rawar kai, ga wando mai guga. Ina kuma neman auren Hajara, 'yar Alhaji Bello, wanda har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Darasin ranar a kan alwatika ne, mai kusurwar digiri casa'in ɗaya da na arba'in da biyar guda biyu. Na faɗa wa yara gefunanta biyu tsawonsu ɗaya. Na ga ba su gane ba. Sai na ce bari in burge su (abin da ya kashe ni ke nan). Na kwashe su zuwa tsamiyar bakin hanya, na ce za mu san tsayinta ba tare da kowa ya hau ba. Dabarar ita ce ka ba bishiya baya, ka yi ta tafiya, ka duƙa ka leƙa ta tsakanin ƙafafunka. Inda ka fara hango ƙolinta, kallonka ya yi kusan digiri arba'in da biyar, don haka nisanka da gindinta shi ne tsayinta.

Na yi gaba na duƙa, na ƙara gaba na sake duƙawa, hula ta faɗi ban kula ba. Abu biyu na manta. Na farko, kowa a garin ya san masu duƙawa su leƙa haka aljanu suke son gani, ga shi kuma tsamiya ce. Na biyu, a gindinta dattawa suke shan inuwa.

A duƙawar ƙarshe na hango ƙolin sarai. Ƙasa da shi kuma ga Alhaji Bello a kife a idona, da abokansa a kan tabarma, duk sun zuba wa bayana ido.

"Malam, lahiya?" in ji shi. "Mi kaka biɗa bisa tsamiyar ga?"

"Digiri arba'in da biyar, Baba," na ce (ban ma miƙe ba, wallahi).

Wani tsoho ya ce, "Allah shi sawwaƙe." Yara suka fashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa cewa malamin boko ya ƙirga aljanu arba'in da biyar. Na cire rai da Hajara, abinci ma ya ƙi shiga.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya aiko kirana. Na je na zube na gaishe shi. Ya nuna mini giginyar bayan gidansa.

"Yara sun yi man bayani. Sare ta za mu yi. Duba mani, in ta hwaɗi tana kai ga rumbu?"

Na ba ta baya, na duƙa, na taka, na ce ba za ta kai ba.

"To madalla. Da ita za a yi azarar rufin ɗakin Hajara. Sai ka turo magabatanka."

Har yau ina koyar da wannan alwatika, kuma dabarar tana aiki. Sai dai yanzu kafin in duƙa, nakan fara waiwayawa in gaida mutane.