Ranar da Na So Habi Ta Yi Yaji

Ni dai ba abin da ke burge ni kamar finafinan barkwancin nan na soyayya, inda aure ke wargajewa, mata ta yi yaji, miji ya je biko yana zuba kalamai har surukai su share hawaye. Masu shirya su gwanaye ne, wallahi. Sai na lura ni da matata Habi ba mu taɓa ɗanɗana daɗin irin wannan sulhun ba, don ba mu taɓa ɓatawa sosai ba. Na ga an bar mu a baya.

Na tsara komai. Na haddace kalaman biko, na kai babbar rigata guga, har mai adaidaitar da zai kai ni gidansu na yi wa magana. Faɗan kawai ya rage.

Ranar Asabar ta kawo tuwo da miyar kuka, miyar da duk Dutse babu irinta. Na haɗe rai, na ture kwanon.

"Wannan miyar ba gishiri. Na gaji!"

Habi ta ƙare min kallo. Na manta tare muke kallon finafinan.

"Baban Amira, so kake in tafi gida ka zo biko? Ni na jiƙa wanki. Kai ka tafi gidanku, in na shanya zan biyo ka."

Ta janye kwanon ta cinye tuwon tas, sannan ta kira mahaifiyata a Kiyawa tana dariya har da riƙe ciki.

Yanzu duk ranar da na je gaida Inna, ko takalmi ban cire ba take tambaya:

"Gaisuwa ka zo ko yajin ne? Faɗa min, in san ko zan share maka ɗaki."