Yadda Za Ka Sa Ɗiyarka Ta Ji Tsoron Kakarta

Ina ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan, kafin a yanke shinkafar bana aiki ya kammala. Maƙwabcina Mujtaba na unguwar Gesse ya gwada a kan ɗiyarsa Hamida, 'yar aji ɗaya, kuma ya dace.

1. Ka ba talabijin reno

Kunna mata tashar katun ka tafi ofis. Ai zane ne kawai, ga Turanci kyauta.

2. Kada ka zauna ku kalla tare

In ka zauna, za ka lura gimbiya kullum fara ce sol, gashi har kugu. Mayya kuwa tsohuwa ce mai duhun fata, da ɗankwali da sanda. In aka nuno ƙasar baƙar fata, zaki da biri ke magana, mutane sai kiɗa da tsalle. Lura tana kawo ciwon kai, kuma magidanci ba ya kallon katun.

3. Ka yaba ci gaba

Da Hamida ta zana kanta da gashi ruwan ɗorawa, Mujtaba ya ɗauki hoto ya tura wa abokan aiki. Da ta shafe fuska da garin shinkafa, dariya aka yi har da riƙe ciki.

4. Ka gayyato mahaifiyarka

Inna Baiwa, mahaifiyar Mujtaba, ta iso daga garin Gulma da buhun shinkafa da busasshen kifi. Baƙa ce, da tsagar Kabawa a kumatu, tana dogara sanda saboda gwiwa. Ta buɗe hannuwa ta ce, "Taho, jikata, in ga girmanki."

Hamida ta shige bayan kujera. "Baba, mayya ce. Irin ta talabijin."

5. Ka ce wasan jika da kaka ne

"Wasa take, Inna," in ji Mujtaba. Inna ma ta dara, ta sauke hannuwanta a hankali, ta gyara ɗankwali. Ta zauna ta cire wa kifi ƙaya da kanta, ta miƙa. Yarinya ta ƙi karɓa, don ta san abin da ke samun wanda ya ci abincin mayya.

Inna ta zo da niyyar ta jima. Washegari ta ce gona na jiranta.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Musamman in maƙwabta sun yi ta cewa yarinya kamar kakarta sak, sai wata safiya ka tarar da ita gaban madubi ta daɗe tana kallo, ta ce, "Baba, ni ma in na girma mayya zan zama?"

Amsar ba ta cikin matakaina. Da Hamida ta yi wa Mujtaba wannan tambayar, sai ya kunna mata talabijin.