Mitar Jibo da Tansiyon Kaka Kande

"Gajiya ta bi lafiya. Ya tsufa?"

"Tsufa na gidanku. Ina ma'aunin mutane, mijin banza?"

Kaka Kande ce tsaye a bakin rumfar jikanta Jibo, mai gyaran rediyo da salula a unguwar Kalley ta Yamai, da buhu ninke a hammata. A shekarar damina ta yi gardama, sojoji sun karɓi mulki, ana sayar da gero da rahusa unguwa-unguwa. Da safe ma'aunin lantarki na wurin sayar da geron unguwar Banifandou ya mutu, layi ya tsaya cik. Wani ajidan na soja ya dire wa Jibo shi, ya ce kafin la'asar, bai kuma haɗa da don Allah ba. Ga shi mitar da Jibo ke gano cutar kayan wuta da ita tana buɗe a kan tebur, cikinta na warin ƙuna.

"Ma'auni na jiran mita," in ji Jibo. "Wa ya taɓa mini ita jiya a gida?"

"Gidan da ɓeraye suka yi yawa?"

"Ɓera mai cin goro? Ga shaidar yatsa ja a jikinta."

Kande ta zauna a benci ba a ce ta zauna ba. "Ba kai ka ce tana auna tansiyo ba? Likita ya ce in riƙa duba nawa. Na ɗora wayoyin a hannu, shiru. Na ce ƙila yunwa take ji kamar kowa, sai na tura su cikin priz, ramin wutar bango, ta ɗan ci kuran."

"Tansiyon wuta nake nufi, tsohuwa, ba na jini ba. Allah ya so ki kuran ɗin Yamai rabin rai gare shi, da yanzu ana dafa shinkafar sadakarki."

"Da wace shinkafar? Kuma da ka mutu gwauro, don ni kaɗai na iya haƙuri da wannan kan naka mai kama da tulu."

Jibo ya sunkuya kan koren allon mitar. Kayan da ke manne a jikinsa ba su kai ƙwayar gero ba.

"Me kake tsinta kamar kaza?"

"Baƙaƙen nan masu lamba, rezistans ke nan. Masu launin ƙasa marasa rubutu, kondansater. Wannan da kika gasa nake son karanta lambarta, in ciro irinta daga mataccen rediyo."

"Wannan abar? Ko tururuwa ta raina ta. Rediyon kakanka in abu ya ƙone a ciki, da hannu biyu ake ɗauko shi. Yanzu komai ya ragu. Tiya ta ragu, ruwan sama ya ragu, maza sun ragu."

"Ban da bakinki. Sojoji sun rufe majalisa, sun jingine tsarin mulki, shi kaɗai ya gagare su."

"Sun san na gaba da su. Kai fa? An ce da ajidan ya yi magana, wi mon ajidan, to ranka ya daɗe, kake ta yi kamar bunsuru ya hango mahauci."

Jibo bai yi dariya ba. Ya ga layin da safe, mata sun ajiye duwatsu suna riƙe musu wuri, sun koma inuwar katanga da goyo. Ya karkata allon wajen haske. A lambar da ke jikin wadda ta ƙone, ɗaya ta fito, sifili ya fito, ta ukun wuta ta lashe rabinta.

"Biyu ce ko uku? In na sa ba daidai ba, mita ta yi ƙarya, ma'auni ma ya yi ƙarya."

"To sa wadda za ta sa ya yi ƙarya ta wajenmu. Ya daɗe yana yi ta wajensu."

"Ara mini tabaranki."

"A'a. Yaro ɗanye da idon tsoho? Ashe auren makaho na yi."

"Wanda ya zubar da miya shi ke kawo tsumma."

Ta yi tsaki, ta zare su, masu kauri kamar gindin kwalba, ɗaure da zare a kunne ɗaya. Jibo ya kanga su a kan allon, ƙwayar ta kumbura ta yi kamar wake.

"Uku ce. Ɗaya, sifili, uku."

Ya lalubo irinta a allon rediyon, ya ɗauke ta da hantsaki yana riƙe numfashi, ya ɗiga dalma. Da ya kunna, lambobi suka bayyana. Ya ɗora wayoyin a cikin ma'aunin, mita ta yi ƙara a ko'ina sai wuri ɗaya.

"Ga cutar. Waya ce ta tsinke. Koma layi, yanzu zan biyo ki."

"Ka ga ni na gyara."

"Ke kika kashe."

"Mai kashewa ya raya, ai sai a ce masa ranka ya daɗe."

Ya miƙa mata tabaran. Ta ture hannunsa tana dariya, ta gyara buhunta.

"Riƙe, na bar maka. Ɗan geron da za su auna mini gara in gan shi dishi-dishi, ko ya yi mini kamar biyu."