Turancin da na kai sunan ɗan Lawal

Duk tsufan da zan yi, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Lawal a Karare ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin Turawa ne, ina ƙaramin malami a elementare ta Safana. An zaɓe ni zuwa kwas a Katsina, kwas ɗin da in ka dawo ka zama mutum. Har na ɗinka sabuwar riga. Kwatsam hedimasta ya ce an fasa, Lawal za a tura. Lawal fa! Abokina da muke cin tuwo kwano ɗaya. Ashe shi ya je ya tsegunta cewa duk ranar kasuwar Batsari nakan bar yara da monitan aji in hau keke in tafi. (Gaskiya ne ina tafiya. To amma shi wa ya aike shi?)

Akwai wata magana da na tsinta a bakin Baturen makaranta da ke zuwa duba mu. Ya ce a Turanci in mutum ya ci amanarka, sai ka ce ya sayar da kai gangaren kogi. Asalinta daga Amurka ne. A can, bawan da aka haifa a gida, ubangidansa kan sayar da shi ga fatake, su sa shi a jirgin ruwa, su gangara kogin Misisifi zuwa gonakin auduga na kudu, inda aiki ke kashe mutane. Ba shi ba ganin uwarsa kuma. Baturen yana ba da labarin yana kurɓar shayi, ni kuwa ina hadda kamar na sami zinariya. Na yi rantsuwa sai na manna wa Lawal ita a gaban jama'a.

Ranar suna na isa da hantsi, an yi addu'a, ana rabon goro a ƙofar gida. Lawal ya taso da fara'arsa yana miƙo hannu. Na ƙi karɓa. Na ɗaga murya na zuba masa maganar nan da Turanci.

Ba wanda ya gane. Wani mahauci ya ce, "Malam, addu'a ce? Mu shafa?"

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni fa sai na gyara tsayuwa na buɗe aji. Na fassara, na kawo asali, na kwatanta yadda ake fizge yaro daga jikin uwarsa, har da kama hannun rigata ina ja. Na ce, "Abin da Lawal ya yi mini ke nan! Ya sayar da ni kamar bawa!"

Na ga dattawa suna sunkuyar da kai, na ɗauka magana ce ta shige su. Kai, wauta!

A gefen tabarma akwai Baba Barka, kakan Lawal. Tun ina yaro na san shi, duk kaka yakan kawo damin gero gidanmu, ban taɓa tambayar dalili ba. Ya ajiye goronsa ya ce, "Malam ƙarami, matso, kunnena ya yi nauyi. A jirgi ka ce ake sa su?"

Na ce, "A jirgi, Baba."

Ya ce, "To sun huta da tafiya. Ni da ƙafa na zo. Ƙanen ubana ne ya ce in raka shi kasuwa ya saya mini hula. Kakanka, Allah ya ji ƙansa, sai da ya buɗe mini baki ya duba haƙorana kafin ya amince ya saye ni." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai me aka raba ka da shi?"

Na ce, "Kwas ne, Baba."

"Kwas," in ji shi. "Tsohuwarka tana gida?"

"Tana gida."

"To ka gaishe ta."

Ya ɗauki goronsa ya ci gaba da ci. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Abin da duk garin ya sani ya rufe bakinsa a kai don mutunci, ni na zo na kwance shi a ranar farin cikinsu, a gaban surukan Lawal. Na hau kekena in gudu, sarka ta zame. Sai da na tura shi har bayan gari, yara na bina suna kallo.

Na yi fushi da kowa. Da Baturen da ya ba ni maganar kamar alewa. Da mutanen gidanmu da suka bar ni ina cin geron Baba Barka ban san tushensa bauta ce ba. Da Lawal kuma, don har gobe ina nan a kan bakana: tsegumi ya yi mini, kuma bai kyauta ba. Ya tafi kwas ɗinsa, ya dawo ya zama hedimastana, ni kuwa na rasa bakin da zan sake tayar da zancen. Damin gero ma daga shekarar bai ƙara zuwa gidanmu ba.

Tun daga ranar, in raina ya ɓaci da Hausa nake yin faɗana. Ita dai kafin in jefa, na san kan wanda za ta faɗa.