Firintar Hedimasta da Talotalon Dokta

A wani layi cikin Funtuwa akwai wani dattijo, Malam Gwadabe, wanda ya shekara talatin da biyu yana hedimasta kafin ya ajiye aiki. Rabin magidantan layin sun sha bulalarsa, ragowar kuma 'ya'yansu ne suka sha. Saboda haka har yau in ya yi gyaran murya a ƙofar masallaci sai ka ga masu furfura suna gyara zaman hula. Mutum ne mai son girma, kuma Allah ya ba shi, yana ta cin abinsa lami lafiya har ranar da talotalon maƙwabcinsa ya sa shi a gaba.

Maƙwabcin nan Dokta Haladu ne, likitan dabbobi, katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Yana da talotalo shida da yake saki kowace safiya su sha iska, a cikinsu akwai wani ƙaton namiji wanda, ba a san dalili ba, jininsa bai haɗu da na Malam ba. Wata Juma'a Malam ya fito cikin babbar riga da ta sha guga, yana tafiyar nan tasa ta ɗai-ɗai, sai tsuntsun ya baza jela ya yo kansa. Mutumin da ya shekara talatin yana hana yara gudu a barandar makaranta, ranar shi ne ya tattare riga ya zura, ya tsallake kwata, ya bar takalmi ɗaya da hula a baya. Duk a gaban teburin mai shayi aka yi. Ba wanda ya isa ya yi dariya a kan idonsa, amma tun daga ranar in ya zo wucewa sai kowa ya kafa kai cikin kofinsa, kafaɗu na rawa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Sai ya ƙudura cewa talotalon nan sun gama zama a layin. Ƙungiyar layi tana taro ranar Lahadi bayan La'asar, kuma akwai akwatin da ake jefa koke a karanta a gaban kowa. Tashi ya yi magana da bakinsa ba zai yiwu ba, don sai ya ba da labarin gudun da kansa. Ga shi kuma Dokta mutumin kirki ne, ko ciwon kai Malam ya yi shi ne farkon mai zuwa dubiya, ba fuskar da za a kalle shi da ita a ce an kai ƙararsa. Abin da ya rage shi ne takarda marar suna, wadda ba mahaluƙin da zai san daga inda ta fito. To amma rubutun hannun Malam babu gidan da ba a san shi ba, kowa yana da tsohon sakamakon jarrabawa a ƙasan akwati da aka rubuta masa "A ƙara ƙoƙari" da jan biro. Shagon buga takardu na bakin titi kuwa, matar da ke wurin ƙawar matar Dokta ce, kafin tawada ta bushe labari ya isa.

Ranar Asabar Malam ya tafi kasuwa shagon wani Nalado mai sayar da kayan kwamfuta, ya sayo firinta sabuwa dal, irin marar waya. Nalado ya rantse masa cewa ko daga banɗaki ya ba ta umarni za ta bi, abin da kawai take so shi ne a haɗa ta da wayifai na gida, wato intanet marar waya. Malam ya ce ya ji, alhali hankalinsa na kan yadda za a ɗaure kwalin a bayan babur.

Lahadi da hantsi ya kafa teburinsa a jikin tagar da ke kallon katangar Dokta, don nan ne kaɗai intanet ke kamawa a gidan. Dalilin kuwa mai sauƙi ne, wayifai ɗin na Dokta ne. Shekara biyu da suka wuce, lokacin tantance 'yan fansho, Dokta ya ba shi lambar sirri ya yi aikin yini ɗaya, shi kuwa Malam tun daga ranar bai sauka ba. In abin ya ɗan taɓa zuciyarsa sai ya ce ai ta iska yake zuwa, iska kuwa ba ta da mai ita.

Ya rubuta takardarsa, gajeriya mai ladabi. Ya kira Dokta "maƙwabcinmu mai daraja", ya roƙi ƙungiya ta ba shi shawara ya killace tsuntsayensa saboda lafiyar ƙananan yara, ya sa hannu da "Mai Kishin Layi". Ya karanta sau biyu yana jinjina wa kansa. Sannan ya kunna firinta, ya sa kwamfuta ta nemo ta. Kwamfuta ta yi ɗan juye-juyenta, sai ga sunan firinta guda ɗaya ya bayyana, iri ɗaya da wanda ke jikin kwali, in ban da wasu 'yan lambobi a ƙarshe da ba su yi daidai ba. Malam bai ga dalilin tsayawa gardama a kan lambobi uku ba. Ya danna, kwamfuta ta ce an haɗa. Ya yi bisimilla ya danna bugawa, ta ce an aika.

Firinta ba ta ce uffan ba. Wata 'yar shuɗiyar fitila ce kawai a goshinta take ta ƙyaftawa.

Ya jira, ya sake dannawa. Ya cire takardun ya kaɗa su ya hura ya mayar, ya danna. Ya kashe ya kunna, ya sauya soket, ya matso da ita har tana gugar kwamfutar don kada a ce nisa ne, ya danna. Kowane karo kwamfuta sai ta ce an aika, ita kuwa mutuniyar sai ƙyafta ido. Ana cikin haka namijin talotalon nan ya saki kukansa daga bayan katanga, kamar da gayya. Malam ya koma kan takardar ya ga lallai ya cika ladabi. Ya goge "mai daraja", ya bar "maƙwabcinmu" tsirara, ya danna.

Daga nan abin ya zama tsari. Firinta ta ƙi, talotalo ya yi kuka, Malam ya ƙara wa takarda yaji, ya danna. "Maƙwabcinmu" ya koma "wani mutum". "Wani mutum" ya koma "wani da ke kiran kansa likita". Tsuntsaye shida suka zama garke, garke ya zama annoba. Ƙananan yaran da ake jin tsoron a tsorata suka zama yara uku da aka riga aka kwantar a asibiti. Kafin azahar takardar da ta fara da layi takwas ta cika shafi taf, har sai da ya rage girman haruffa, kuma a cikinta an nemi a yanka talotalon, a raba naman, a sa Dokta ya ba layi haƙuri a tsaye. Haushin firinta da na tsuntsu sun haɗu sun zama ɗaya, amma can ƙasan ransa daɗi yake ji, don rabonsa da rubutu mai gishiri irin wannan tun yana rubuta wa malaman da ke makara takardar gargaɗi.

Matarsa, Hajiya Ladiyo, ta leƙo sau uku. Na farko ta ce ko ya bari firintar ta huce, wataƙila zafi ta ɗauka. Na biyu ta ce ko ya karanta ɗan littafin da ya zo cikin kwalin, ya ce mutumin da ya koyar da karatu shekara talatin ba littafin kwali ne zai koya masa aiki ba. Na uku ta tambaye shi, tunda kwamfuta ta nace an aika, to ina ake aikawa. Malam ya ce wannan magana ce ta fasaha, ta je ta ji da tukunyarta.

Da ya dawo sallar azahar ya ga lokaci na tafiya, sai ya kira Nalado. Ya fara da yi masa tas a kan sayar wa dattijo gawa cikin kwali. Nalado, wanda ake jin hayaniyar masu ciniki a bayansa, ya ba da haƙuri ya tambaya ko an haɗa firintar da wayifai na gida kamar yadda ya ce. Malam ya dubi kusurwar allon kwamfuta ya ce wayifai a cike yake maƙil. Nalado ya ce to mene ne sunan wayifai ɗin. Malam ya waiga ya dubi katanga, ya ce wannan sirrin gida ne, ba abin da ya shafi ɗan kasuwa.

"To Baba, wataƙila takardar ce ke da matsala," in ji Nalado. "Bar ta tukuna. Buɗe sabon shafi ka rubuta wani abu kaɗan, ko sunanka ne, ka buga mu gani. In ta ƙi, ka kawo ta gobe."

Malam bai taɓa iya rubuta sunansa kaɗan ba. Ya buɗe sabon shafi, ya zaɓi haruffa mafiya girma, ya rubuta Alhaji Malam Gwadabe Na'Allah, Hedimasta Mai Ritaya, ya bi da lambar gida da lambar waya kamar yadda ya saba, ya danna. Kwamfuta ta ce an aika. Fitila ta ƙyafta. Ya zauna ya yi ta jira, can da ya gaji yana shirin ɗaga firintar ya girgiza ta ke nan aka yi sallama a zaure.

Dokta Haladu ne, da fara'arsa kamar kullum, rungume da tarin takardu a ƙirji. Suka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya, Malam ya shimfiɗa masa tabarma. Da Dokta ya ajiye takardun a tsakaninsu, idon Malam ya sauka a kan ta sama, ya ga "wani da ke kiran kansa likita" da ƙananan haruffan nan da ya rage da hannunsa. Sai a lokacin ya gane inda ake ta aikawa tun safe.

Dokta ya ce shawara ya zo nema wurin babba. Wai tun hantsi firintarsa ta ɗakin karatu take aiki ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta, har matarsa ta kwashe yara ta koma tsakar gida tana karanta addu'o'i. Ya ce ya jera takardun bi da bi ya karanta, a ta farko shi mai daraja ne, a ta goma ya zama wani mutum, kafin ta talatin an yanke wa talotalonsa hukunci an raba naman. Ya ce ya san dai wani ne da ke kan wayifai ɗinsa, sai dai mutanen da ya ba lambar a layin nan ba su ƙirguwa. Da ba don takarda ta ƙare a ta talatin da bakwai ba, in ji shi, da Allah kaɗai ya san matsayin da zai kai.

Malam ya yi saurin lissafi a zuci. Takarda ta ƙare a kan wasiƙa, shafin suna kuwa shi ne na ƙarshe, ke nan bai fito ba. Lambar sirri kuma tana hannun mutane da yawa. Don murna ya ji kamar ya tashi ya taka rawa. Ya gyara zama, ya ɗauko tabarau, ya jawo takarda ɗaya yana karantawa yana girgiza kai yana salati, har da nuna inda marubucin ya manta waƙafi.

"Dokta, bai sa suna ba?"

"Mai Kishin Layi ya ce sunansa, Malam."

Ai sai hedimasta ya motsa. Ya ce tarbiyya ta ƙare a ƙasar nan. Ya ce a zamaninsa da ɗalibi zai yi haka da ya kwana bai zauna ba. Ya ce talotalon Dokta tsuntsaye ne masu natsuwa, shi shaida ne, kullum yana wucewa ta gabansu. Ya yi alkawarin zai tashi a taron La'asar da kansa ya wanke Dokta, kuma zai sa ido har sai an gano mutumin. Daɗin kuɓuta ya ɗebe shi, murya ta yi sama har Hajiya Ladiyo ta matso bayan labule.

"Ni abin da ya fi ƙona mini rai, Dokta, rashin zuciya. Ka cika shafi da zagi ka kasa sa sunanka? Wannan ai matsoraci ne, ba namiji ba."

Dokta ya sa hannu a aljihun gaba, ya zaro wata takarda guda a ninke, ya warware ta a hankali ya shimfiɗa a gaban Malam.

"A'a Malam, kada mu ɗauki alhakinsa. Da na ƙara takarda sai ga sunan ya fito, har da lambar waya. Zagi ne ya cinye masa wuri, shi ya sa ya aiko shi daban."